Sitiyarin da Ke Kauce wa Ƙafar Abba

Soundview, Bronx, New York
Lahadi, 18 ga Oktoba, 2015

Zuwa ga Baffana, Alhaji Jibrin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Kafin komai ina roƙon ka yafe mini wannan ƙarfin hali. Na san ba tsarin gidanmu ba ne yarinya kamata ta ɗauki biro ta rubuta wa babba irinka kai tsaye, balle a kan maganar mota, abin da ka ƙare rayuwarka a kai. Ka san ni, ko ranar Sallah aka miƙo mini waya daga "ina wuni" sai "lafiya lau", sai in mayar wa Umma wayarta in gudu. To yau ma da baki ne da ba zan iya ba. Shi ya sa na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in tura wa Yaya Fu'ad ya karanta maka. Yaya Fu'ad, don Allah ka karanta yadda take, kada ka ƙara naka, kuma ka bar dariyar sai ka gama.

Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna A'ishatu da dukkan mutanen gida da yaran gareji. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa maka ciwon idon da muka ji labari. Mu nan alhamdu lillahi. Sanyi ya fara shigowa, ganyen bishiyoyin layinmu sun koma ja da rawaya suna ta zuba. Umma tana nan tana zuwa shagon turaren wuta da atamfa a titin 125, tana dawowa da gajiya da labarai. Ni kuma ina aji sha ɗaya, karatu yana tafiya daidai, kuma ban yar da Hausar da aka koya mana a makarantar 'yan mata kafin mu taho ba, ga shi yau ta yi mini rana. Ƙaninka, Abbanmu, shi ma jiki da sauƙi. A kansa ne nake son in yi maka magana.

Ka san tun da santsin ƙanƙara ya kayar da shi a lokacin sanyin da ya wuce aka yi masa aiki a ƙugun dama, bai koma tuƙin tasi ba. Abin da ba a gaya maka a waya shi ne yadda ya zauna bayan nan. Mutumin da ya saba fita tun asuba sai ya koma kujera ɗaya gaban taga, ko labarai ba ya kunnawa. Umma ta dafa duk abin da ta san yana so, ya ci loma biyu ya ture. Ana cikin haka Anti Akua, 'yar Ghana da ke zaune a ƙasan gidanmu, wadda take aikin kula da tsofaffi, ta zo da labari. Tsohon da take kula da shi ya rasu, ya bar wata tsohuwar mota a rumfa, 'ya'yansa kuma suna neman wanda zai raba su da ita. Thunderbird ce ta shekarar 1962, mai ƙofa biyu, doguwa kamar kwalekwale, launin madara. Aka jawo ta aka ajiye a bayan gidanmu, daidai ƙarƙashin tagar ɗakina. Umma ta leƙa ta ce an kawo mana akurki, kaji su samu wurin ƙwai. Amma Baffa, washegari Abba ya sauka da sandarsa da tsumma. Tun daga ranar ya dawo cin abinci. Duk bazarar nan yana cikinta, yana wanke kafireto, yana sauya tiyo, yana ambaton sunanka, wai da Yaya Jibrin ya ga wannan inji da ya yi murmushi. Likita ya ba shi izinin tuƙi na kusa, aka yi mata takardu, ta tashi ta hau titi.

Motar tana da wani abu da ban sani ba ko ka taɓa gani a Ƙofar Ruwa. Sitiyarinta yana matsawa gefe. Ba sama da ƙasa ba irin na motocin yanzu, a'a, gaba ɗaya sandar sitiyarin ce take zamewa zuwa dama, wajen inci goma, ta bar wa direba fili ya shiga ko ya fita, in ya zauna sai ya jawo ta tsakiya ta kama. Haka aka ƙera ta tun asali, ba lalacewa ba ce. Lalacewar tana wani wuri dabam, kuma ita ce ta jawo duk abin da ya faru.

Makon jiya Abba ya ɗauki Umma zuwa suna a nan cikin unguwa, tana riƙe da kula cike da waina da robar miyar taushe a cinya. Yana karya kwana a hankali, sai sitiyarin ya sulale dama da kansa, mota tana tafiya. Allah ya taimaka ya taka birki, suka tsaya a jikin bolar wani gida. Ba wanda ya ji ciwo, sai miya da ta wanke wa Umma leshi. Ta dawo gida a ƙafa, ta ce ita ba ta tsallako teku don ta mutu a cikin motar da ta girme ta ba, ko a gyara wannan sitiyari ya tsaya wuri guda kamar na mutane, ko a kira masu gwangwan. Kuma gaskiyarta ce, Baffa, ban ga laifinta ba. Da a babban titi ne da yanzu wani labarin ake yi.

Sai Abba ya kai maganar wajen Masta Abdulai. Shi mutumin Kumasi ne, a unguwar makanikai ta Suame da suke kira Magajin ya koyi aiki, yanzu yana waldar salansa a wani gareji kusa da mu, kuma tare suke sallar Juma'a da Abba. Mutumin kirki ne, ga barkwanci. Ya zo ya kama sitiyarin ya girgiza, ya ga ya tafi gefe, ya yi salati. Ya ce a Magajin in aka kawo mota sitiyari yana yawo haka, ba a tambayar dalili, wuta ake sa masa. Ya ce zai manne sandar da ƙarfen da ke ƙarƙashin gaban mota, ya yi mata waldar da ko jikokin Abba ba za su iya motsa ta ba. Abba ya ce to, yadda Masta ya gani. Aka sa ranar Asabar, wato jiya.

A nan ne nake son ka saurare ni da kyau, domin abin da zan faɗa Abba bai faɗa wa kowa ba, ni ma ba faɗa mini ya yi ba, ta taga na gani. Ƙugun Abba ba ya lanƙwasuwa yadda yake nuna mana. Kullum da safe in zai shiga motar, sai ya fara waigawa ko akwai mai kallo. Sai ya tura sitiyarin dama, ya juya baya ya zauna a bakin kujera, ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafar dama ya shigar da ita, ya huta, sannan ta hagu ta bi. Ranar da Masta ya yanke hukunci, bayan ya tafi, na ga Abba ya bar sitiyarin a tsakiya ya gwada shiga. Ya gwada ta gaba, ya gwada ta baya, ya ja kujera har ƙarshe. Gwiwar ta ƙi wucewa. Ya daɗe tsaye riƙe da ƙofar, sannan ya rufe ta a hankali ya hau sama. Ranar bai ci tuwon dare ba. In aka yi wannan walda, motar za ta zauna lafiya, amma Abba ba zai sake zama a kujerar direba ba, kuma na san kujerar da zai koma.

Na same shi na ce, cikin ladabi, ko za a ƙara dubawa kafin a sa wuta. Ya ce mini ba haka aka koya masa ba. Ya ce a garejin Yaya Jibrin, in ka miƙa aiki ga maigida ya duba ya yanke, ba ka da bakin cewa a sake, kuma ba ka ɗauke aikin ka kai wa wani, wannan cin fuska ne. Wanda zai iya warware maganar maigida sai shi kansa, ko wanda ya girme shi a sana'a. Ya ce kai da kanka ka taɓa korar yaro saboda haka. Na gane cewa ya gwammace ya rasa motar da ya ce wa abokinsa ƙafarsa ta gaza.

Don haka na shiga neman sani. Malamar ɗakin karatu ta makarantarmu ta taimake ni muka samo bayanin irin wannan sitiyari, ni kuma na kwanta a ƙasan motar ta ciki, kaina wajen birki, da fitilar waya, har na ga kowane abu da idona. Ga yadda ya kamata ya yi aiki, in na yi kuskure ka gyara mini. Ƙasan sandar, inda ta haɗu da akwatin sitiyari, akwai mahaɗi mai lanƙwasuwa, shi ya sa saman zai iya tafiya gefe ba tare da ƙasan ya rabu ba. Saman kuma yana tafiya a kan wata 'yar hanya ta ƙarfe, kamar yadda aljihun tebur yake zamewa. A tsakiyar hanyar akwai gurbi, a jikin sandar kuma akwai wani ɗan haƙori na ƙarfe da sifirin yake turawa cikin gurbin, tamkar sakatar ƙofa. Wannan sakata tana haɗe da sandar giya. Muddin giya tana kan tafiya, gaba ko baya, ko ma tana sake, sakatar tana cikin gurbinta, ko ƙato ya ja sitiyarin ba zai matsa ba. Sai an kai giya kan fakin, wajen harafin P, sannan haƙorin ya janye, sitiyari ya samu hanya. Kuma da zarar ya matsa gefe, ita giyar ce take kullewa, ba za ta bar fakin ba sai an dawo da shi tsakiya an ji ya ce ƙas. Wato kowanne yana tsare ɗan'uwansa: in mota za ta tafi sitiyari ba ya motsi, in sitiyari ya motsa mota ba ta tafiya. Har nauyin jan ma akwai ƙa'idarsa, kada ya yi tauri kada ya yi sako-sako, da noti ake daidaita shi. Na auna namu da ma'aunin da Umma take auna jakunkuna in za a aika kaya gida, na ga ya yi sako-sako ƙwarai.

A tamu motar, bakin haƙorin ya cinye ya zama mulmulalle, sifirin ɗin ya saki, kuma wani can baya, ban san ko wane ne ba, ya ɗaure shi da waya maimakon ya sauya. Shi ya sa da aka karya kwana ya fice daga gurbi. Abin da ya lalace bai kai tsawon ɗan yatsana ba, Baffa. Shi ne za a kashe dukkan sitiyarin saboda shi.

Jiya da hantsi Masta Abdulai ya iso da injin waldarsa a bayan mota. Ya tarar da ni zaune a kujerar direba, na rufe ƙofa, na riƙe sitiyari da hannu biyu. Abba ya ce in fito. Ban fito ba. Ya sake faɗa da muryar da ka sani. Wallahi tun da nake ban taɓa jin ya ce yi in ƙi ba, hawaye suna zuba, amma na zauna. Masta ya leƙo ta taga yana dariya, ya tambaya ko sabon direba aka ɗauka ba a gaya masa ba, kuma ina lasin. Shi dama Bebiya yake kirana, wai shekara da shekaru bai taɓa jin na haɗa kalma uku ba. Na ce masa ina roƙon arziki ya duba abu ɗaya kafin ya kunna inji. Ya dafe ƙirji ya ce ashe Bebiya tana magana, lallai yau akwai labari. Ya ce a Magajin yaro sai ya shekara uku yana wanke sifana kafin a bar shi ya nuna wa masta abu da yatsa, amma tunda wannan Amurka ce, kowa injiniya ne, to Injiniya ta nuna. Umma tana daga taga tana cewa a fito da yarinyar nan a yi abin da aka zo yi, ita tana da shago.

Na buɗe ƙofa, Masta ya durƙusa ya sa kai, na haska masa. Na sa giya a fakin na tura sitiyarin, na ce ya gwada jan giyar. Ta ƙi. Na dawo da shi tsakiya, ta saki. Ya ce in sake. Na sake. Dariyar ta ɗauke. Ya taɓa haƙorin da yatsa, ya ce wannan ai ya fi na kakarsa cinyewa, ya ja wayar da aka ɗaura ya yi tsaki, ya ce wanda ya yi wannan aikin ko a lahira kada a ba shi sifana. Sai ya ce wa Abba ya shigo ya zauna ya riƙe masa sitiyarin a tsakiya da ƙarfi, yana so ya ga wani abu daga ƙasa. Abba ya ce a bar yarinyar ta riƙe, ai ta iya. Masta ya ce hannun namiji yake so. Abba bai motsa ba. Na ga Masta ya zaro kansa, ya dubi Abba, ya dubi sandar da yake dogarawa, ya dubi tazarar da ke tsakanin kujera da sitiyari. Sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya fara naɗe wayar injinsa. Ya ce hadari yake gani, shi kuma ba ya walda in za a yi ruwa. Baffa, sama tas take jiya, ko gajimare ɗaya babu. Abba ma ya ɗaga kai ya duba, ya ce lallai kam, da alama.

Kafin ya tafi ya kira ni gefe, amma yadda Umma za ta ji. Ya ce zai iya cika bakin haƙorin da walda ya gyare shi da magagari ya dawo da kaifinsa, ko a nemo wani wajen masu tsofaffin kaya, sifirin kuma ba wuya. Amma shi bai taɓa sakin mota da sitiyari mai motsi ba, ya riga ya yanke magana a gaban mutane, kuma ran abokinsa ne a ciki, ba zai ɗauki wannan shi kaɗai ba. Sai in wani babba ya duba ya ce hanyar daidai ce. Na ce ina da Baffa a Kano. Ya tambayi yaushe ka fara aiki, Abba ya gaya masa, ya ce lokacin shi ko rarrafe bai fara ba, don haka kai mastansa ne ko a wace ƙasa kake. Umma ma ta ce in dai Yaya Jibrin ne ya ce a shiga, za ta shiga, har da miya. Amma in ba a ji daga gare ka ba zuwa Asabar mai zuwa, za a yi waldar, don ba za ta kwana da fargaba ba.

To ga roƙona. Na tura wa Yaya Fu'ad hotunan haƙorin da gurbin da hanyar, da ɗan bidiyo na yadda giya take kullewa. Ka duba da idon sana'a, ba da idon tausayina ba. Ba na son a bar Abba ya hau abin da zai kashe shi, shi ya sa ban ce a bar sitiyarin yadda yake ba, cewa na yi a mayar da shi yadda maƙeransa suka nufa. Na yi wa kaina alkawari, in an gyara, ni da Masta za mu gwada shi a kowace giya, mota a tsaye, mu ja da iya ƙarfinmu, in ya matsa ko da faɗin farce ne ni da kaina zan ce a sa wuta. In kuma ka duba ka ce walda ce kaɗai mafita, na karɓa, zan riƙe wa Masta fitila. Amma ban yarda a kashe shi ba tare da wanda ya sani ya duba ba, kuma in Asabar ta zo ba ka samu dama ba, ina jin za a sake tarar da ni a kujerar nan.

In za ka kira, bayan isha'i a wajenku nan wajen la'asar ne, Abba yana gida. Don Allah kada ka ambaci ƙafarsa, kada kuma ka ce na gaya maka abin da na gani ta taga. Ka tambaye shi labarin motar kawai, kamar maigida yana tambayar yaronsa aiki. Zai gaya maka komai, ya daɗe yana son ka tambaya. Tun jiya bai yi mini magana ba, na kuma san na yi laifi, zan ba shi haƙuri. Sai dai da safen nan da na fito na tarar da ƙaramar sifana mai lamba goma a ƙofar ɗakina, an goge ta tas, irin wadda ya ce kai ka fara ba shi ranar da ya shiga gareji. Yanzu tana cikin jakar makarantata.

Ka gaishe mini da Inna A'ishatu, ka ce turaren da ta aiko ya iso kuma Umma ta hana kowa taɓawa. Ina gaida Kaka da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya. Ina gaida Yaya Fu'ad, na gode da karatu, yanzu kana iya dariyarka. Anti Akua da Anti Hamdatu matar Masta sun ce a gaishe ka ko da ba ku san juna ba. Umma ba ta san na rubuto ba, amma na san da ta sani da gaisuwarta ta fi ta kowa tsawo.

In wannan takarda ba ta ɓata maka rai ba, ina neman izininka in riƙa rubuto maka, ba sai an samu matsala ba. Akwai abubuwa da yawa a cikin motar nan da nake son in tambaya, kuma yanzu ina da sifana, ba ni da maigida.

Wassalamu alaikum.

'Yarka mai biyayya, in ban da jiya,
Yusra